Tambaya da Amsa: Shekara Guda Ina Buga Bilits, Makin Wasana Ya Ƙi Motsi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato bilits, wasan ces ɗin nan na gaggawa da ake ba kowa minti 3 ko 5. Kalmar ma Jamusanci ce, walƙiya take nufi. Na zaɓo guda huɗu, ta farko ce zata fi cin wuri don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni a Zango nake nan Agege, ina da ɗan tebur na caja da iyafis a Ikeja. Tun lokacin da Tunde Onakoya, ɗan ces ɗin nan na Najeriya, ya yi wasan nan na awa 60 a Amurka a 2024 na fara ces a waya, abin ya shiga raina sosai. Minti 3 nake bugawa a manhajar Lichess ba ƙarin sakan, wani daren sai in yi wasa 30 ko 40 har ido ya yi ja. Makin da ake auna ƙarfin wasana da shi ya kai 1250 ya tsaya cak yau shekara guda kenan, in na taɓa 1300 kwana biyu sai in rikito ƙasa da 1200. Abokina ya ce in ɗauki koci, ni kuma ina ganin asarar kuɗi ne tunda komai na YouTube. Dan Allah akwai wani buɗin wasa da zan haddace in riƙa gamawa da mutane da wuri? Kuma kocin nan dole ne?
Daga mai teburin caja, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau alhamdulillah. Sai da na tsaya a kan lissafin nan naka, wasa 30 zuwa 40 a dare ɗaya. Ko da kana tsallake wasu ranaku, a shekara guda ka buga dubbai, kuma da yawan bugawa kaɗai ke kawo ƙwarewa da tuni ka bar 1250 a baya. Abin da ke faruwa da kai na gan shi a wajen samari da yawa, kuskure iri ɗaya kake maimaitawa kullum har hannunka ya saba da shi, da an cinye ka sai ka danna sabon wasa cikin fushi baka ko waiwayi wanda ya wuce ba, to ta ina gyara zai shigo?

Mu ɗan yi lissafi. Minti 3 sakan 180 ne, in wasa ya kai taku 40 kana da sakan 4 da rabi a kowane taku. Wane tunani mutum zai yi a sakan 4? Babu. Kenan a bilits kusan duk abin da ka taka, abin da idonka ya riga ya sani ne tun kafin a zauna. Kai kanka shaida ne a sana'arka, in aka miƙo maka caja kana riƙe ta ka ji nauyinta ka san jabu ce ko ta gaske, ba sai ka kwance ta ba, alhali yaron da ya zo koyo jiya sai ya yi ta juya ta yana karanta rubutun jiki. Saurin gwanin bilits irin wannan ne, a ido yake. Masu bincike ma sun gwada abin, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Adriaan de Groot ne ya fara, daga baya a 1973 Chase da Simon suka nuna wa gwanaye da 'yan koyo allo na 'yan sakanni sannan suka rufe. In tsarin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani zai sake jera kusan duk 'ya'yan a gidajensu, amma in watsa su aka yi barkatai sai fifikon nasa ya kusa ɓacewa. Wato siffofin da ya saba gani ya adana a kansa. Shi yasa waɗanda suka fi kowa a bilits su ne dai suka fi kowa a dogon wasa. Bobby Fischer a 1970 a gasar bilits ta Herceg Novi ya ci maki 19 cikin 22, Mikhail Tal da ya zo na biyu yana da 14 da rabi. Magnus Carlsen ɗan Norway ya riƙe kambun duniya na dogon wasa daga 2013 zuwa 2023, kuma zuwa ƙarshen 2024 sau 8 yana ɗaukar na bilits.

To ya ake cusa siffofin nan a ido? A hankali ake yi, kuma ba a fara komai sai an san inda ke yoyo. Bari in baka labarin wani yaro mai koyon ɗinki da nake zama da shi a teburin mai shayi bayan isha'i, makinsa kusan ɗaya da naka a lokacin. Shi ma buɗin wasa ya zo nema. Na ce ya sayo littafin rubutu na 'yan firamare, muka buɗe wasanni 20 na ƙarshe da aka cinye shi, kowanne muka nemo takun da wasan ya lalace, ya rubuta dalili a layi ɗaya. Shayinmu har ya huce bamu sha ba. Da muka ƙirga, 11 ɗa ya ajiye a gidan da za a ci banza ba mai tsaronsa, 5 lokaci ne ya ƙare masa, 3 ruk ne, ɗan nan mai tafiya a miƙe, ya sauko layin baya ya yi masa cekmet, wato ya ritsa sarki ba mafita, saboda sojojin gaban sarki uku suna nan bai buɗe wa sarki ko taga ba, guda 1 tak ne buɗin wasa ya kashe shi. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Wata biyu bamu taɓa buɗin wasa ba, aikinsa kawai kafin ya saki ɗa ya tambayi kansa me takun abokin wasa na ƙarshe ke nema, kuma gidan da zan sauka wa ke gadinsa. Ka yi wannan aikin littafin a daren yau, ina da yaƙinin naka ba zai yi nisa da nasa ba.

In ka gano ciwon sai magani. Fazul, wato tsarin da ake jera maka a ce nemo takun da ke ci, shi ne abincinka na kullum, minti 20 da safe ya isa, ko a cikin danfo in goslo ya riƙe ku, amma dan Allah kar ka zauna bakin taga da waya a hannu. A Lichess kyauta ne kuma an kasa su kashi-kashi, akwai na fok inda doki ko soja ke kai wa 'ya'ya biyu hari lokaci ɗaya, akwai na ɗauri inda ɗa baya iya motsawa don sarki ko sarauniya na bayansa, akwai na cekmet a layin baya. Ka ɗauki kashi ɗaya ka zauna a kansa mako guda cur, kar ka yi ta tsalle. Kuma kar ka taka sai ka ga ƙarshen abin a kanka, masu canki-canka suna cin fazul amma basa koyon komai. Abin da na fi yarda da shi ma shi ne maimaici, ka ware fazul masu sauƙi kamar 200 ka warware su, in ka gama ka koma farko ka sake, zagaye na farko zai iya cin wata guda, na biyu sati biyu, na huɗu kana ganin tsarin amsar zata faɗo. Kamar tilawa ne, wanda ya yi makarantar allo ya san ba a biya sau ɗaya a ce an haddace. Sai bayan haka zaka shiga Puzzle Storm na Lichess, tseren warware fazul na minti 3, ka gwada saurin idon.

Bilits ɗin kansa ka rage shi sosai. Wasa 5 ko 6 a rana, kuma ka koma minti 3 da ƙarin sakan 2 a kowane taku, irin wanda ake bugawa a gasar duniya, ko minti 5 da sakan 3. Wanda ba ƙari ɗin nan yana koya wa mutum tseren yatsa ne kawai, ga shi netwok ɗinmu in ya ɗan shaƙe sakan 5 sun tafi. In an cinye ka sau biyu a jere ka kife wayar, wasa na uku fushi ne zai buga shi, kuma yawancin rikitowar nan taka daga 1300 a irin wannan daren take faruwa, duba tarihin wasanninka zaka gani. Lokacin da ka samu sai ka zuba shi a dogon wasa, minti 15 da ƙarin sakan 10, sau 2 ko 3 a mako, in an gama ka bi shi da kanka taku-taku kafin ka kunna injin. Stockfish, wato injin kwamfutar da ke nazarin wasa, zai nuna maka takun da ya fi, amma ba zai gaya maka me ya sa kai baka gan shi ba, kuma wannan ne abin da kake nema.

Maganar buɗin wasa na gamawa da mutane da wuri, akwai su, sai dai basa kai mutum ko'ina. Wanda kowa ya sani shi ne a fito da sarauniya h5 da bishop, ɗan nan mai tafiya a karkace, c4 a auka wa f7 (harafi da lambar nan sunan gida ne a kan allo). Yana cin sababbi, amma duk wanda ya ɗan waye zai fito da doki c6, ya tura soja g6, ya kawo ɗaya dokin f6, sai ka koma kana yawo da sarauniya shi kuma yana fito da 'ya'yansa. Abin da zai amfane ka a bilits shi ne sabo. Ka zaɓi tsari ɗaya in kana da fari, misali Italiyan ko tsarin Landan, ɗaya in an buɗe maka da e4, ɗaya in an buɗe da d4, ka zauna a kansu wata shida ko ana cinye ka. Ribar ita ce taku 8 ko 10 na farko zaka yi su a sakan 15, kuma tsakiyar wasan zata riƙa zuwa maka da fuskar da ka sani. Duk tarkon da ka faɗa sau ɗaya ka rubuta shi a littafin da maganinsa, misali in fari ya kawo doki g5 da bishop c4 kan f7, ka tare da d5 ya ci, to kar ka rama ci da doki, ɗaya dokin zaka kai a5 ka kori bishop ɗin.

Sai koci. Ba dole ba ne, amma ban yarda asarar kuɗi ba ne. Mai bidiyo a YouTube da jama'a dubbai yake magana, bai taɓa ganin wasanka ko ɗaya ba, kamar mai tallan magani ne a mota, koci kuma likitan da zai auna ka ne. Aikin da muka yi da yaron can a teburin shayi shi ne ainihin aikin koci, ya gano abin da kai baka gani a kanka, ya baka aikin gida daidai da shi, ya dawo ya duba ko ka yi. Manyan ma basu wuce wannan ba, Carlsen tun yana yaro Simen Agdestein ne ya riƙe shi, a 2009 kuma ya yi aiki da tsohon zakaran duniya Garry Kasparov. A matakinka ba sai ka nemi mai babban taitil ba, wanda ya fi ka da maki 400 ko 500 kuma ya iya bayani ya wadatar, don a lissafin Elo, wato tsarin da ake auna maki da shi, tazarar 400 na nufin zai kwashe kusan 9 cikin maki 10 in kuna bugawa. Yadda zaka gane na kirki, a zaman farko zai ce turo min wasanninka. In ya fara da nuna maka buɗin da shi yake so, ko ya kwashe awa guda yana lallasa ka yana dariya, ka biya shi na ranar ka yi masa sallama. Zama ɗaya duk sati biyu ya isa in kana aikin gida, kuma in kuɗin ya yi nauyi ku haɗu ku uku ko huɗu masu maki kusa da juna ku yi karo-karo, wannan ma ya fi daɗi don zaku samu abokan gwaji.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni na haura 50, tun a gida Katsina nake dara, yarana suka koya min ces. Matsalata ɗaya ce, sai in fi mutum 'ya'ya, wasa na hannuna, sai kawai in ga lokaci ya ƙare an ba shi. Abin na min ciwo ƙwarai. Ko dai shekaru ne?
Daga wani ɗan canji, Obalende

AMSA: Alhaji barka kadai, Allah ya ƙara lafiya. Shekaru na rage saurin yatsa kam, amma abin da ka kwatanta ba shi ba ne. Mai dara ya saba ya zauna ya auna kowane ɗa har sai ransa ya kwanta, to wannan ɗabi'ar ce ka shigo da ita, kana neman takun da ya fi kowanne kyau a wurin da taku mai kyau kawai ake buƙata. A bilits agogo ma ɗa ne a kan allo, in ka fi mutum da doki shi kuma ya fi ka da minti ɗaya da rabi, to ba lallai kai ke gaba ba.

Ka buɗe wasanninka da suka wuce, manhajar na nuna sakan nawa ka kashe a kowane taku. Zaka tarar wuri biyu ko uku ne suka cinye rabin lokacin, sakan 40 nan, 50 can, kuma sau da yawa takun da ka fara gani shi ka dawo ka taka. Ka sa wa kanka doka, dogon tunani sau biyu kawai a wasa kuma kar ya wuce sakan 20, ka ajiye shi don lokacin da ake musayar 'ya'ya ko ana kai wa sarki hari. Lokacin da abokin wasa ke tunani kai ma naka ne, a nan zaka duba wane ɗanka ne ke zaune ba aiki, ina zaka kai shi. Duk bayan taku 10 ka ɗaga ido ka kalli agogo.

Babban abin kuma, Alhaji, in ka fi mutum 'ya'ya ka daina neman ƙarin ganima. Yi musaya, sarauniya da sarauniya, ruk da ruk, allo ya yi fili, ka tura soja ya zama sarauniya. Amma wannan ba zai yi ba sai hannunka ya san ƙarshen wasa kamar yadda ya san ƙirgan kuɗi. Sarki da sarauniya a kan sarki shi kaɗai, in an iya, baya wuce taku 10. Sarki da ruk baya wuce 16. Ka sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙe sarki, ka ba kanka sakan 30, ku yi ta maimaitawa har ya zama baka tunani, kana kuma lura kar ka toshe sarkin ya rasa taku alhali ba cek, wato ba a kai masa hari ba, don wannan canjaras ne kuma ya fi faɗuwa ciwo. Daga nan sai sarki da soja ɗaya, ka koyi yadda sarakuna ke fuskantar juna da gida ɗaya a tsakani, wanda taku ya faɗo kansa shi ke kaucewa. Bayan su sai tsare-tsaren ruk guda biyu da ake kira Lucena da Philidor, na farko yadda ake ci, na biyu yadda ake kare kai. Takun riga-kafi da ake dannawa tun abokin wasa bai taka ba, ka bar shi sai wurin rama ci ko inda taku ɗaya ne kawai ya rage maka. Kuma ka koma minti 5 da ƙarin sakan 3, ba abin kunya a ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ce mai shekara 11, a makaranta aka koya musu ces, yanzu ta cinye duk yayyenta maza, kullum tana kan wayata tana wasan minti 3. Malaminsu ya ce tana da kai a nema mata koci. Babanta yana ɗari-ɗari, ya ce kar ya zama caca ko ya hana ta karatu. Ni ina so ta ci gaba amma ban san ta inda zan fara ba.
Daga wata uwa, Idi-Araba

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita ya yi mata albarka. Damuwar maigida a kan hanya take, kar ki ɗauke ta ƙiyayya. Hukuncin wasan a addini malamai sun yi magana a kai tun da, ku zauna da malamin da kuka amince da shi. Abin da ke hannunku a gida shi ne sharaɗi, ba sa kuɗi ko na naira 50 ne, in an kira salla a tashi, sai an gama aikin makaranta da na Islamiyya. Na ga wuraren da ake buga bilits da kuɗi a gefen allo a garin nan, yarinya ko yaro basu da abin yi a can.

Abin da zan roƙe ki shi ne ki rage mata minti 3 ɗin nan yanzu-yanzu. Yaro mai kai in ya tashi a kan bilits zalla yana sabawa da taka abin da ya fara gani, kuma cire wannan ɗabi'ar daga baya wahala ce babba. Ki saya mata allo na gaske na leda da 'ya'yan roba, ta riƙa jerawa da hannu tana buga minti 15 ko 30 tana rubuta takunta, bilits ya zama ladan ƙarshen mako. A wayar kuma ki kunna mata tsarin yara na Lichess, yana rufe hira da baƙi. Gukesh ɗan Indiya da ya zama zakaran duniya a Disamba 2024 yana da shekara 18, kocinsa Vishnu Prasanna ya hana shi dogaro da injin a shekarun farko don kansa ya koyi lissafi da kansa, to ke ma kar ki bari kwamfuta ta riƙa yi mata tunani.

Wajen zaɓen koci, ki fara ta hannun makarantar. In ya ce yana da retin, wato maki na hukuma, ko taitil ki nemi lambarsa ta FIDE, wato hukumar ces ta duniya, ana duba sunan kowa kyauta a shafinsu, kuma hukumar na ba masu koyarwa shaidar kansu daban. Darasi ya kasance a falo a gabanki ko gaban yayanta, ko a aji tare da sauran yara, wannan ba a sassauta shi ko waye kocin. Ki zauna a darasin farko ki saurara, in kin ji muryar yarinyar ta fi tasa yawa, yana tambayarta me ya sa kika taka nan yana jira ta amsa, to kin samu. In tsawa yake in ta yi kuskure, a canza.

Ki gaya wa babanta cewa a nan Legas ɗin ƙungiyar Chess in Slums Africa da Tunde Onakoya ya kafa a 2018 ta koyar da yara a Majidun ta Ikorodu da Makoko da ƙarƙashin gadar Oshodi, wasu ta dalilin haka suka samu shiga makaranta. Ita kuma ki ba ta labarin Judit Polgar 'yar Hangari, wadda babanta ya koyar a gida, ta zama giranmasta, wato taitil mafi girma a ces, a 1991 tana da shekara 15 ta karya tarihin Fischer na samunsa da ƙananan shekaru, a 2002 kuma ta ci Kasparov a wasan sauri.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Na kai 1700 a intanet amma ban taɓa buga gasa ido da ido ba, yanzu na yi rajistar wata ta bilits a Surulere sati uku masu zuwa. Me zan shirya?
Daga ɗalibi, Mile 12

AMSA: Lafiya lau ƙanena, na ji daɗin wannan saƙon. Ba a fafe gora ranar tafiya, sati ukun nan ka ajiye sabon karatu ka koma allo na gaske. Idon da ya saba da gilashin waya yana ɓata a kan 'ya'ya masu tsayi, sai bishop ya taho daga can kusurwa baka gan shi ba. Ka samu aboki ku riƙa bugawa kullum, in ba agogon ces ku saukar da manhajar agogo a waya ku ajiye a gefe.

Dokokin da waya ke ɗauke maka yanzu a kanka suke. Ɗan da ka taɓa da niyya shi zaka taka. Hannun da ya taka shi ke danna agogo, kuma hannu ɗaya ake komai da shi har kasilin, wato takun da ake motsa sarki da ruk tare, sarki zaka fara ɗagawa, in ka fara taɓa ruk to ruk ɗin zaka motsa. Ba wanda zai ce maka cek. In ka yi haramtaccen taku ka danna agogo, a dokar FIDE ta yanzu na farko ana ƙara wa abokin wasa minti 1, na biyu ka faɗi. In shi ya bar sarkinsa a cek kar ka ci sarkin, tsayar da agogo ka kira alƙali. Soja in ya kai ƙarshe ka sa sarauniya kafin ka danna, in babu a kusa ka tsayar da agogo ka nema, ruk da aka kife ruk ne a wajen alƙali. 'Ya'yan da ka zubar a lokacinka zaka gyara su. Waya a kashe, ka ajiye ta inda suka ce, ƙararta kaɗai na iya jawo maka faɗuwa.

Kar 1700 ɗinka ya sa ka raina kowa, makin intanet da na FIDE ba ma'auni ɗaya ba ne, Lichess ma daga 1500 take fara wa sabon shiga. Zaka iya zama gaban yaro ɗan shekara 9 ya cinye ka, ka miƙa masa hannu, in da hali bayan zagayen ka ce ya nuna maka inda ka kauce. In gasar mai rajista da FIDE ce, wasa 5 da masu retin ake buƙata kafin naka ya fito. Daga Mile 12 zuwa Surulere ka san halin titin Ikorodu, ka fito da wuri ka isa da awa guda a hannu, don in aka tada agogo baka nan lokacinka ne ke tafiya. Ka riƙe ruwa da ɗan dabino, da littafi da biro, duk zagayen da aka gama ka rubuta takun da ka tuna tun basu gudu ba, ka turo min su mu duba tare a fitowa ta gaba in sha Allah.